Tsohon Shirin Almarar Kimiyya: A Saye Shi a Faifai ko a Bar wa Intanet?

Duk mai son tsofaffin shirye-shiryen kumbo da duniyoyin sama ya san wannan tsaka mai wuyar. Ga cikakken shiri a kwali ɗaya, zango bakwai, faifai arba'in da ɗoriya, kuɗin kuma ba na wasa ba. Zuciya ɗaya ta ce saya, ai wannan ne shirin da ya hana ka barci kana yaro. Ɗayar ta ce me za ka yi da tulin faifai alhali da ka latsa waya za ka kalla? Na sayi wanda kwalliya ta biya kuɗin sabulu, na kuma sayi wanda har yau yana cikin ledarsa yana harara ta daga kan kanta. Abin da na gano shi ne amsar tana rataye a kan shirin kansa, musamman abin da aka ɗauke shi da shi da yadda aka haɗa shi tun asali.

Hanyoyin da ke gabanka biyar ne: DVD sabo, Blu-ray, faifai na hannu, biyan kuɗin wata a manhajar kallo, da sayen kwafi a intanet.

Abubuwan da za a auna

Kuɗi, ƙarko, sauƙin kallo da haɗarin asara, waɗannan kowa ya san su. A kan kuɗi shawara ɗaya gare ni: kada ka dubi farashin kwalin, raba shi da awannin da za ka kalla da gaske. Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994, kashi 178 ne, kowane kusan minti 45, wato awa 133 ke nan. Wanda zai zagaye shi sau uku ya yi ciniki mai riba ko da an tsawwala masa. Wanda zai gaji a zango na biyu ya sayi kayan ado.

Ma'auni na biyar shi ne cikar shirin: duk kashi-kashin suna nan, a jerensu na gaskiya, da kiɗansu na asali? Na shida kuwa, wanda aka fi yin tuntuɓe a kansa, shi ne hoto, kuma sai na ɗan tsaya a nan.

Mutane suna zaton gwargwadon tsufan shiri gwargwadon dishi-dishinsa. Sau da yawa akasin haka ne. Shirye-shiryen Amurka da yawa na shekarun 1960 a kan zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke su, a kansa aka yanka aka haɗa. Zaren fim yana riƙe da bayanin hoto fiye da abin da talabijin na wancan zamani ke iya nunawa, saboda haka da an ɗauko shi an sake kwafe shi da na'urar zamani sai hoto ya fito tar. Shi ya sa Star Trek na farko, mai kashi 79 daga 1966 zuwa 1969, yake fitowa garau a Blu-ray, har ka ga hodar da aka shafa wa ɗan wasa a fuska. The Twilight Zone ma haka, duk da baƙi da fari ne, in ka cire kashi shida na zango na biyu da aka ɗauka a kaset ɗin bidiyo don rage kashe kuɗi. Waɗannan shida har gobe ba su kamo sauran ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen shekarun 1990 sai salon aiki ya sauya. Ana ɗaukar 'yan wasa a zaren fim, amma a juye shi zuwa kaset, a can a tace, a can a ɗora siddabarun hoto irin su kumbo da harbin haske. Kammalallen shirin ke nan yana kan kaset mai ƙarancin ɗigo, wato 'yan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su ba da hoto, kuma ba a tatsar abin da babu. Hanyar gyara ɗaya ce: a koma rumbu a zaƙulo zaren asali, a sake haɗa kowane kashi daga tushe. Abin da kamfanin CBS ya yi wa The Next Generation ke nan, ya fitar da shi a Blu-ray tsakanin 2012 da 2014. Aiki ne mai cin kuɗi, kuma ba a yi wa Deep Space Nine da Voyager, shirye-shiryen Star Trek da suka biyo bayansa, irinsa ba, waɗanda yawancin siddabarunsu na baya-baya a kwamfuta aka zana su daidai da ƙaramin allon wancan lokaci. To kafin ka tambayi farashi, tambayi wannan: an sake gina shirin daga zaren fim, ko kuwa an ja tsohon hoton kaset ne aka buɗa shi ya cika allo?

DVD sabo

DVD ya fito a Japan a 1996, ya isa Amurka a 1997, kuma shi ne ya sa sayar da shirin talabijin zango guda a kwali ya zama ruwan dare. Hotonsa ɗigo 720 ne a kwance, 480 a tsaye a tsarin Amurka, ko 576 a tsarin Turai. A tsohuwar talabijin mai ƙeya ba ka ganin aibinsa. A allo mai inci 55 kuwa, gefen abubuwa yakan yi taushi, duhun sararin samaniya ya yi dabbare-dabbare.

Amma ga shirin da aka kammala a kaset, DVD bai rage ka da komai ba, domin iyakar abin da ke akwai ke nan. Mai son Deep Space Nine ba shi da wani faifai na halal da ya wuce DVD. Tsohon Doctor Who na BBC, daga 1963 zuwa 1989, mafi yawansa a kaset aka ɗauka cikin ɗakin shiri, don haka DVD ɗinsa ya kusa ƙure ingancin asali. Wani abin kuma ba faifan da zai ba ka shi: BBC ta goge kaset da yawa a shekarun 1960 da 1970 don sake amfani da su, har yau sama da kashi 90 ba a san inda suke ba. Duk wanda ya ce zai sayar maka da shirin cif-cif ba gibi, ka riƙe aljihunka.

Ta fuskar kuɗi DVD ya fi Blu-ray sauƙi kusan kullum, na'urar kunna shi ma araha ce, kwamfuta mai ramin faifai tana ɗaukarsa. Ƙarkonsa yana da kyau in an adana shi a tsaye, nesa da rana da danshi. Sai dai faifan falle biyu ne na roba aka manne da gam, bayanin yana tsakiya, kuma in aikin masana'anta bai yi kyau ba iska takan shiga ta cinye shi a hankali. A 2025 Warner Bros. ta amince cewa wasu faya-fayan DVD ɗinta da aka buga tsakanin 2006 da 2008 suna da irin wannan matsala, ta ce za ta musanya wa masu su inda hali ya yi.

Haɗari biyu ne suka fi cizo. Na farko kullen yanki: Amurka da Kanada yanki na 1, Turai da Japan na 2, har zuwa na 6, kuma na'urar wani yanki takan ƙi faifan wani. Na biyu yadda aka yanka hoton. Babylon 5, mai kashi 110, shi ne misalin da ake bugawa. An zana siddabarunsa a kwamfuta daidai da allon talabijin na da mara faɗi, sai aka fitar da DVD a faffaɗan allo. Don a cika faɗin, aka sare sama da ƙasan duk wurin da kumbo ya fito aka buɗa sauran. Kana kallon fuskar mutum garau, da an juya ga tashar sama sai ka ɗauka hazo ya sauko. Ƙaramin abu na uku, faifan tsarin Turai na shirin Amurka yakan yi gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari, murya ta ɗan ƙara sirancewa. Yawancin mutane ba sa lura, mai kunnen kiɗa yana lura.

Blu-ray

Wannan ya zo a 2006 da ɗigo 1920 a 1080, ninki shida na DVD ɗin Amurka, faifai ɗaya kuma yana ɗaukar gigabait 25 ko 50, inda DVD ke tsayawa a 4.7 ko 8.5. In an yi aikin gyara na gaskiya, bambancin ba ya buƙatar a nuna maka. Ranar da na fara sa wani kashi da na haddace tun a kaset, sai da na tsayar da hoton na matsa kusa da allo. Rubuce-rubucen da ke kan allunan ɗakin tuƙin kumbon, waɗanda shekara da shekaru na ɗauka zane ne kawai, ashe kalmomi ne da ake iya karantawa. Rigar da na sani ja ce tilas, ashe har saƙar yadin ana gani. Wani wurin kuma gyaran ya tona asiri, ka ga baƙar takarda da aka liƙa a bango don kashe ƙyallin fitila. Ni dai wannan ƙara mini son shirin ya yi.

Blu-ray na Star Trek na farko yana da wata falala: a 2006 an sake zana kumbon da duniyoyin da kwamfuta, amma faifan ya ba ka zaɓi, ko sabon zane ko na asali. A manhajar kallo galibi abin da aka ɗora shi za ka gani. Babylon 5 ma ya samu Blu-ray a ƙarshen 2023, aka mayar da shi siffar allonsa ta asali, sai dai siddabarun buɗa su aka yi, ba sake zanawa ba.

Ga inda ake tafka asara. Ba duk abin da aka rubuta wa Blu-ray ne sabon hoto ba. Farscape, alal misali, daga kaset ɗin tsarin Turai aka buɗa shi. Jerin Blu-ray na tsohon Doctor Who da BBC ta fara fitarwa a 2018 ma haka yake a mafi yawan wurare, masu sayensa don tarin hirarraki da gyaran sauti suke saye, ban da labari guda na 1970 da aka ɗauka kacokan a zaren fim, wanda shi kam ya fito da sabon ido. Irin waɗannan ba yaudara ba ne in ka san abin da kake saya, amma in don hoto kaɗai za ka ninka kuɗi, an yi ba a yi ba.

Fuskar Blu-ray tana da wani shafi mai tauri da ke hana ƙananan karce, ya fi DVD jure hannun yara. In karcen ya yi zurfi kuwa shi ke nan, domin bayanin yana dab da fuska. Yankunansa uku ne, A da B da C, ko da yake faifai da yawa a buɗe suke. Damuwar da ta fi girma ita ce na'ura. Samsung ta daina fitar da sababbi a 2019, LG ta bi sahu a ƙarshen 2024. Ba wai sun ƙare a kasuwa ba ne, kuma na'urorin wasa na PlayStation da Xbox na zamani masu ramin faifai suna kunna shi, amma in ba ka da ko ɗaya, sa kuɗin na'ura cikin lissafi. Na'urar Blu-ray tana cin DVD, ta DVD ba ta cin Blu-ray.

Na hannu

A nan araha take, domin mutane da yawa sun koma intanet sun fitar da tarinsu. Wani lokaci ma tsohon bugu ya fi sabo, saboda yakan zo da ɗan littafi da hirarrakin da aka zubar a bugun baya, wanda ake cusa faifai a jere kamar faranti a kwando su riƙa gogar juna.

Amma cinikin biri a sama ne in ba ka gwada ba. Na taɓa sayen cikakken shiri daga wani mai sayarwa a intanet, kwali lafiya, faya-fayai suna walƙiya. Wata biyu ina bi a hankali. A faifai na ƙarshe na zango na huɗu, daidai inda jagoran kumbon ya buɗe baki zai ba da umarnin da aka shafe zango guda ana jira, hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, na'ura ta yi gurnani ta koma farko. Na goge, na hura, na sauya na'ura, a banza. Da na ɗaga shi a fitila sai ga wani tabo kamar na shayi a cikin robar, ba a samanta ba. Lokacin mayarwa kuma ya wuce tuntuni. Tun daga ranar, duk kwalin da ya shigo hannuna sai na ƙirga faya-fayan, na duba kowanne a haske, na sa shi na tsallaka zuwa tsakiya da ƙarshe a makon farko.

Sai jabu. Alamarsa farashi mai faɗuwa ƙasa warwas, rubutun kwali mai kuskure, zango guda a matse cikin faifai biyu, da bayan faifai mai ruwan shuɗi ko shunayya maimakon ruwan azurfa. Wannan ta ƙarshe ba hujja ce yankakkiya ba, don akwai kamfanonin da ke ƙona faifai na halal bisa oda, amma ta isa ta sa ka yi tambaya. Wanda ya tallata maka Blu-ray na shirin da kamfaninsa bai taɓa fitarwa a Blu-ray ba ya riga ya ba ka amsa.

Intanet

Sauƙi dai ba a haɗa shi da komai. Ba tashi sauya faifai, ba jiran gargaɗin da ba ya tsallakuwa, manhaja ta tuna inda ka tsaya, rubutun fassara na ƙasan allo yana nan. Ga wanda bai taɓa ganin shirin ba, nan ya kamata ya fara, domin tsohon shiri yana da tafiyar hawainiya da ba kowa ke jurewa ba, kuma kuɗin wata ɗaya ya isa ka gane ko jininku ya haɗu.

Aibinsa shi ne kayan aro ne. Yarjejeniya takan ƙare shiri ya koma wata manhaja, ko ya ɓace ɗungurungum. A Disamban 2022 manhajar HBO Max ta sauke Westworld, shirin da gidan da kansa ya yi. Hoton ma a matse yake zuwa: Blu-ray yana iya kai megabit 40 a daƙiƙa, manhajoji kuwa kaɗan daga wannan suke turowa, kuma a duhu matsin ya fi nunawa, almarar kimiyya kuwa rabinta duhu ce. Ga data. Netflix ta ce kallo mai inganci yana iya cin gigabait 3 a awa, wato awa 133 ɗin nan za ta doshi gigabait 400.

Sayen kwafi a intanet yana kama da mallaka, amma izinin kallo ka saya. A Disamban 2023 Sony ta sanar cewa za ta cire shirye-shiryen tashar Discovery daga ma'ajiyar waɗanda suka riga suka biya a PlayStation. Daga baya an sasanta ba a cire ba, amma kowa ya ga inda igiyar take.

| Hanya | Kuɗi | Hoto | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| DVD sabo | Matsakaici | Daidai da kaset | Mai kyau | Matsakaici | Kullen yanki, yankan hoto |
| Blu-ray | Mafi tsada | Mafi kyau in an sake ginawa | Mai kyau sosai | Sai da na'urarsa | Hoton da aka buɗa kawai |
| Na hannu | Mafi araha | Ya danganta da bugu | Sai an gwada | Matsakaici | Ruɓa, gibi, jabu |
| Kuɗin wata | Kaɗan, ba ya ƙarewa | Mai kyau, a matse | Babu | Mafi sauƙi | A sauke shirin |
| Kwafin intanet | Matsakaici zuwa tsada | Kamar na kuɗin wata | Yana hannun kamfani | Mai sauƙi | A janye izini |

Batun cika bai shiga teburin ba saboda shiri-shiri ne. Wani lokaci faifai ne ke gyara ɓarnar tashar talabijin. Firefly kashi 14 ne, tashar Fox ta nuna 11 a 2002 ba bisa jere ba, sai DVD na 2003 ya kawo su duka a tsarinsu, cinikinsa kuma ya taimaka aka yi fim ɗin ci gaba a 2005. Wani lokacin kuma faifan ne ke da naƙasa, a cire waƙar asali a sa wata saboda kamfani bai biya haƙƙin mawaƙi ba. Wannan ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a kwali, sai ka nemi bayanin waɗanda suka riga ka saya, ka kuma tabbatar bugu ɗaya kuke magana a kai.

Wa ya dace da me

In ba ka taɓa kallon shirin ba, ko rabonka da shi tun kana firamare, kada ka sayi komai tukuna. Biya wata ɗaya ka kalli kashi goma daga tsakiyar shirin, ba daga farko ba, don yawancinsu sai a zango na biyu ko na uku suke kama ƙasa. Abin da ya burge yaro ɗan shekara goma ba lallai ya riƙe magidanci ba.

In shiri ne da kake komawa gare shi duk shekara ɗaya ko biyu, an kuma sake gina shi daga zaren fim, kana da babban allo, sayi Blu-ray ba tare da waiwaye ba. Kamfanoni ba sa sake buga irin waɗannan kullum, in bugu ya ƙare farashin na hannu hawa yake yi.

In na shekarun 1990 ne da aka bari a kaset, DVD ya wadatar, na hannu ma ya fi, muddin za ka zauna ka gwada shi da wuri. Haka wanda intanet ɗinsa ba ta da tabbas ko data ke yi masa tsada, da wanda a ƙaramin allo yake kallo, inda ninki shidan nan ba zai nuna ba.

Mai son sanin yadda aka yi shirin, hirar marubuta, sharhin darakta a kan hoto, wuraren da aka yanke, shi faifai ne gidansa ko da hoton bai ƙaru ba, don manhajoji ba kasafai suke ɗora waɗannan ba. Wanda kuma yake yawan ƙaura ko ɗakinsa ba wurin kanta, kwafin intanet zai fi masa, ya dai saye shi lokacin rangwame, da sanin cewa ba gado zai bari ba.

In kuma shirin naka ɗan ƙarami ne da aka soke bayan zango ɗaya, wanda ba ya kan kowace manhaja, kuma ka ci karo da bugun halal, duba lambar yankin a bayan kwalin ka biya a ranar.